Ɗana Ya Sayar da Saniyar Habbanaye Saboda Jirgin da Bai Iso Ba

Zuwa ga Malama Suwaiba, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Malama, ki taimake ni don Allah, ki ba ni amsa kafin a saki gonaki, domin da an saki gonaki akwai mutumin da zai sauka a gonata da shanunsa, kuma har yanzu ban san abin da zan ce masa ba. Ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haura shekara arba'in da biyar na fara riƙe alƙalami, a ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe wa matan asusunmu. Wannan takarda kwana huɗu na yi ina rubutawa ina gogewa. Da na ba wani ya rubuta mini da an gama tuni, amma maganar ba ta kunnen kowa ba ce. Sunayen da za ki gani ma na sauya su.

Ni mutuniyar Dakoro ce. Mijina Mahamman, Allah ya jiƙansa, ɗan kora ne. Tun yana saurayi yake kora shanun fatake da ƙafa daga kasuwar nan har Jibiya, kwana tara ko goma a hanya, ya dawo ƙafafu sun tsage, ya huta kaɗan ya sake tashi. Da wannan sana'a muka ci muka sha, har lokacin da kamiyo, wato manyan motocin kaya, ta yi yawa, fatake suka koma loda shanu a mota. Shi kuwa ya ce saniya ba buhu ba ce da za a jibge ta a bayan mota, abin ba zai ɗore ba. Abin ya ɗore. Ya ƙare rayuwarsa yana zaune a bakin kara, kasuwar shanu, yana kallon ana lodi, wani lokaci a ba shi na goro don ya taya riƙe igiya.

Ƴaƴa huɗu na haifa, uku na farko duk mun rufe su tun suna goye. Na huɗun shi ne ya tsaya, shi ya sa zan kira shi Abarci a nan. Yanzu magidanci ne, yana da mata, Haula, da yara biyu, duk muna gida ɗaya.

Mahamman yana da amini, Intalla, makiyayi ne daga cikin Buzayen da ke kiwo a arewa da kwarin Tarka. Sun fi shekara talatin tare. Kowace shekara in an gama girbi an saki gonaki, Intalla yakan gangaro ya sauka a gonarmu, shanunsa su ci kara su bar mana taki, ya kawo mana cuku, mu auna masa hatsi. Ban taɓa jin an yi ciniki a tsakaninsu ba. A shekarar da Mahamman ya rasu damina ba ta yi ba, shanu biyu da muke da su suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Labarin rasuwar bai kai wa Intalla da wuri ba, sai bayan wata huɗu ya zo gaisuwa. Ya zo janye da wata jar karsana mai farin tabo a goshi. Ya ɗaure ta a turken da ya zauna babu komai, ya yi addu'a, ya sha ruwa, ya ce mini habbanaye ce, ya tafi.

Ban sani ba ko a wajenku ana yin habbanaye, bari in bayyana yadda take a nan. Mai shanu yakan ba wanda ya rasa aron saniya. Ta zauna wurinka har ta haihu sau uku, ƴaƴan duka naka ne, nonon naka ne, sannan ka mayar masa da uwar. Ba a rubutawa, ba a kiran shaidu. Saniyar habbanaye ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ko dukanta ba a yi da sanda mai kauri. In ruwa ya yi ƙaranci ita ake fara shayarwa kafin taka. In kuma Allah ya karɓi ranta a hannunka, babu biya. Sai dai ka ajiye wutsiyar ko fatar da ke da shaidar mai ita, in ya zo ka nuna masa, ku yi wa juna jaje, magana ta ƙare. Ki riƙe wannan na ƙarshen, Malama, domin a nan damuwata take.

Muka sa mata suna Goshi. Daga baya na ji cewa daga tsatson shanun da mahaifiyar Intalla ta zo da su gidan aure ta fito, kuma irinsu kaɗan suka rage masa bayan fari. Shekara shida tana wurina. Haihuwar farko namiji, shi muka sayar aka yi auren Abarci. Ta biyu mace, ja kamar uwarta, ga ta nan a turke ta kusa isa barbara. Da nonon Goshi nake dama furar da nake kaiwa bakin tasha, da shi jikokina suka yi ƙwari. Bana tana ɗauke da ciki na uku, wato saura ta haihu ta yaye mu mayar da amanar mutane, mu fita da farin ido.

Yanzu sai in faɗi nawa laifin. Bara malamarmu ta kawo wata jarida aji, a ciki akwai bayani a kan hanyar jirgin ƙasa da ake jawowa daga Kano zuwa Maradi da kuɗin da aka samo daga waje. An rubuta cewa in an gama, shanu da albasa da wake za su riƙa isa Kano a yini guda, kuɗin ɗauko kaya zai sauka, matasa za su sami aiki, ƙasashen biyu za su ci arzikin juna. Ni ce na fi kowa karanta shi daidai a ajin, har malama ta bar mini takardar. Na kawo ta gida ina jin daɗi, na zaunar da Abarci na karanta masa, don ya ga uwarsa ta iya. Ya ce in sake. Sau uku na karanta masa, yana zane a ƙasa da tsinke. Na ɗauka karatuna yake sha'awa.

Shi dama ya taɓa yin lebura wata bakwai a aikin bututun mai. Da ya dawo yakan ce ya gane wani abu a can: lebura ranar da aka rufe rami ranar albashinsa ya ƙare, waɗanda suka ci riba su ne matar da ta kafa rumfar abinci a ƙofar sansani tun kafin a fara, da mutumin da manyan motoci ke kwana a filinsa. Ya ce irin wannan aiki wanda ya riga zuwa ya zauna shi ke ci. To, ashe tun ranar da na yi masa karatun nan yake ta lissafi. Shi da abokansa biyu suka shirya su sayi fili a bayan Maradi, wajen da ake cewa nan za a yi tashar lodin dabbobi. Su kewaye shi, su ja ruwa, su tara harawa da dusa, in fataken Dakoro sun sauke shanu suna jiran jirgi, a wurinsu za su ajiye su biya. Ya ce duk fataken sun san ubansa, ba za su wuce shi su je wurin baƙo ba.

Da damina muna tura shanu wurin wani mai kiwo a wajen Korahane don kada su shiga gonakin mutane. Abarci ya je can ya ce ni na aiko shi, za a kai Goshi wurin likitan dabbobi. Ya kawo ta kara ran kasuwa. Dillalin da ya sayar, Rabo, ya ga shaidar Intalla a cinyarta ya tambaya, domin a nan dillali shi ke tsayawa in aka ce dabba ta sata ce. Abarci ya ce masa Intalla ya bar mana ita kyauta tun bara. Rabo ya san ubansa, bai ƙara tambaya ba. Kafin la'asar an loda ta a kamiyo da cikinta, an yi kudu da ita.

Wata guda da rabi ban sani ba. A wurin wani suna na ji, matar Rabo ta zauna kusa da ni tana yi mini barka, wai ashe Intalla ya yi mana halacci haka. Na amsa da bakina, amma ban san me na ce ba. Na baro tuwon sunan ban taɓa ba.

Da na tsare Abarci bai yi musu ba, kuma bai sunkuyar da kai ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Ya ce ubansa ya tsaya yana kallo kamiyo ta wuce shi, ya mutu yana riƙe wa wasu igiya, shi ba zai tsaya jirgi ya wuce shi ba. Ya ce shekara biyu kawai, zai saya wa Intalla shanu uku a madadin ɗaya. Ya ce in ya jira sai ya tara kuɗin kansa, kafin nan manyan Alhazan Maradi sun saye wurin kaf. Maganar ubansa kuwa gaskiya ce, da idona na gani.

Na ce sai ya kai ni na ga filin. Muka shiga mota har Maradi, muka hau babur muka fita bayan gari. Malama, rairayi ne da ƴan sabara, da duwatsun siminti huɗu a kusurwoyi, da ƙaya da suka fara jerawa a gefe ɗaya. Ban ga ƙarfen jirgi ba, an ce yana can yana tahowa. Na tambayi wani dattijo mai gona a kusa ina tashar za ta kasance, ya nuna gabas. Na tambayi mai babur, ya nuna kudu. Abarci ya miƙo mini takardar filin don in kwantar da hankali. Na juya ta sama da ƙasa, haruffan duk na san su, amma da Faransanci take, kalma ɗaya ban gane ba sai sunansa. Ranar na ji kamar ban taɓa shiga aji ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Makon jiya Abarci ya shigo ɗakina da wani abu a nannaɗe cikin buhu. Wutsiyar jar saniya ce, ya samo wurin mahauta, an shanya ta ta bushe. Ya ce in Intalla ya zo in nuna masa, in ce Goshi ta ci wata ciyawa da farkon damina cikinta ya kumbura, kafin a kawo wuƙa ta mutu. Ya ce al'ada ta riga ta yanke, saniyar habbanaye in ta mutu babu biya, kuma Intalla ba zai taɓa tuhumata ba, don ya san ban taɓa yi masa ƙarya ko ta mudu guda ba. Ya ce in jirgi ya zo zai kai masa shanun a matsayin kyauta, kowa ya huta, babu wanda ya ji kunya. Ya ce in kuwa na faɗi gaskiya, to in sani sayar da dabba mai shaidar wani sata ce, in dangin Intalla suka kai magana wurin jandarma, ɗaure shi za a yi, kuma ko ba a ɗaure shi ba, babu bafatake da zai sake ba shi riƙon ko akuya. Ya ce in zaɓa.

Wutsiyar tana cikin tsohuwar tukunya a bayan rumbu. Kullum in na je ɗebo hatsi sai na ji kamar tana kallona. Haula ta sani, ta daina haɗa ido da ni. Abinci ba ya shiga. In na tsaya salla sai in rasa raka'a ta nawa nake, ina ta shirya yadda zan ce saniyar ta mutu. Domin na san Intalla, ba zai sa ni rantsuwa ba, amma zai zauna ya tambaye ni a hankali: a ina ta kwanta, wace ciyawa ce, ta sha wuya ko ba ta sha ba, ɗan cikin ya yi girma ko bai yi ba. Don ƙauna zai tambaya. Ni kuma in zauna ina ƙera masa mutuwa dalla-dalla, alhali wataƙila tana can a raye a wani gari, ko an yanka ta da ɗanta a ciki.

Amma kuma Malama, ɗa ɗaya gare ni. Uku na rufe kafin in same shi. In na buɗe baki na faɗi gaskiya aka tafi da shi, ko sunansa ya ɓaci a kara, ni na yi da hannuna, kamar yadda ni na karanta masa takardar da bakina. Wani lokaci ina cewa wataƙila yaron yana da gaskiya, jirgin zai zo, filin zai yi daraja, ni ce tsohuwa mai tsoro irin ubansa. Shin wannan jirgi da gaske arziki zai kawo wa irinmu, ko na masu shi ne? Ke da kike karanta manyan takardu kin fi ni sani. In zai zo da wuri, ƙaryar shekara biyu ce kawai. In ba zai zo ba, na sayar da amanar shekara talatin a kan rairayi.

An fara yankan gero a wajenmu. Bai fi kwana ashirin ko talatin ba a saki gonaki. Ki gaya mini abin da zan ce wa mutumin nan.

Taki cikin damuwa,
Uwar Abarci, Dakoro.

AMSA

Wa alaikumus salam, Inna. Rubutunki ya fito sarai, babu inda na tsaya ina laluben ma'ana. Na sa wasiƙarki gaban sauran saboda kwanakin da kika ce sun rage.

Ki fara da tukunyar nan. Yau ɗin nan ki ciro wutsiyar ki haƙa rami ki rufe ta, ki gaya wa Abarci kin rufe. Muddin tana bayan rumbu, kowace safiya sai kin sake yanke shawarar da ya kamata a yanke sau ɗaya. Ba zan ce miki ki yi ƙaryar nan ba, ko ta shekara biyu, ko ta yini guda. Kin san hukuncinta a addini ba sai na karanta miki ba. Abin da nake so ki duba shi ne ko a lissafin Abarci ma ba za ta yi aiki ba. Makiyayin da ya raini saniya tun tana maraƙa, wanda ya san uwarta da kakarta, ba ya kasa gane wutsiyarta. Kuma Rabo ya sani, matarsa ta sani, duk wanda ya zauna kusa da ku a wurin sunan ya ji. Intalla zai bi ta kara kafin ko bayan ya zo gonarki. Ni tsorona ba ya kama ki ba ne. Mutum irin wanda kika kwatanta zai karɓi wutsiyar da hannu biyu, ya yi miki jaje, ya sha ruwanki, ya kaɗa shanunsa. Baɗi ki ga an saki gonaki, ya sauka a gonar wani. Ba zai taɓa gaya miki dalili ba, ke kuma ba za ki sami bakin tambaya ba har ƙarshen rayuwarku.

Kada ki jira ya zo ya same ki. Ki tura a gano inda ya sauka yanzu, ki je ki same shi a can, a gaban shanunsa. Ki tafi da dattijo ɗaya daga dangin Mahamman wanda Intalla ya sani, kuma ki tafi da karsanar nan, ƴar Goshi, a igiya. Na san a al'ada taki ce, na kuma san ita kaɗai ta rage miki. Amma abin da Intalla ya rasa ba a saye shi a kasuwa. Shanu uku da Abarci ke alkawari ba su da jinin shanun mahaifiyarsa, ita kuwa wannan tana da shi. Ki ɗaure masa ita a turkensa kamar yadda ya ɗaure miki uwarta, sannan a yi magana. Abarci ne ya kamata ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Ki gaya masa ranar tafiya, ki ce da shi za a je. In ya ƙi, ki tafi ba shi, kuma ki sanar da shi tun yanzu cewa za ki tafi. Zaɓin da ya ɗora miki ba naki ba ne, shi ya ɗauko shi, ki mayar masa da kayansa.

Game da jandarma, ban isa in yi miki alkawari a madadin Intalla da danginsa ba. Sai dai a sanina, wanda ya zo da ƙafarsa da dattijo da dabba a hannu, akasari a kan tabarma maganarsa ke ƙarewa. Wadda ke kaiwa ofis ita ce wadda mai dabba ya tsinta a bakin mutane bayan an nuna masa wutsiyar ƙarya. Gaskiyar da kike tsoron za ta ɗaure ɗanki, ita ce ta fi kusa da kare shi. Bayan kun dawo kuma Abarci ya je wurin Rabo ya warware abin da ya gaya masa, domin ya sa mutumin ya tsaya wa cinikin da bai san asalinsa ba. Sunansa a kara zai sha ƙasa na wani lokaci, wannan babu makawa. Amma fatake sun fi saurin manta wanda ya yi kuskure ya gyara a kan wanda aka tono.

Yanzu tambayarki a kan jirgi. Ɗanki ba wawa ba ne, kuma kada ki bari a mayar da shi wawa a gida. Abin da jaridar ta faɗa yana da tushe. Inda hanya ta yi sauƙi tsakanin maƙwabta, kaya sukan yi araha, dabba takan isa kasuwa da namanta, garuruwan bakin hanya sukan tashi. Abin da ya lura da shi a aikin bututu ma haka yake, wanda ya riga zama yakan fi lebura samu. Amma irin waɗannan manyan ayyuka da kalandarsu suke tafiya. Kuɗin daga nesa suke zuwa, sai gwamnatoci biyu sun daidaita, kuma ke da kanki kin ga yadda aka rufe iyaka ba da daɗewa ba, ciniki ya tsaya cak. Aikin da aka ce shekara biyu yana iya cin bakwai. Tashar tana iya faɗawa gabas ko kudu, kamar yadda aka nuna miki. Mai kuɗin da ya sayi fili goma, in biyu suka dace ya ci riba, kuma yana da abin ci yayin da yake jira. Wanda ya sayar da saniyar da ke ciyar da gidansa ba shi da wannan jiran. Sannan jirgin in ya zo, kaya zai ɗauka. Mutumin Dakoro da zai fara amfana shi ne wanda ke da shanun lodawa. Abarci ya hango daidai, amma ya shiga da jarin da ba nasa ba, kuma ya taɓa abin da talakan wajenku ke tashi da shi in fari ya kayar da shi. In habbanaye ta mutu saboda ana sayar da ita, babu jirgin da zai kawo wa gwauruwa karsana har turkenta.

Takardar filin kuma kada ta tsorata ki. Ki sa a kai ta meri, ofishin magajin gari na wurin da filin yake, wurin masu kula da filaye, tare da wani naku mai jin Faransanci wanda ba ya cikin cinikin. A tambaya ko wanda ya sayar yana da ikon sayarwa, ko an taɓa sayar wa wani, ko wurin yana cikin abin da hukuma ta keɓe. A yi wannan kafin ku je wurin Intalla in da hali. In takardar tana da kyau, ban ce a yi gaggawar zubar da filin ba. Abarci ya ajiye rabonsa a gaban Intalla tare da karsanar, ya ce ga abin da Goshi ta zama, Intalla ya faɗi yadda yake so a yi. In ba ta da kyau, gara ku sani yanzu, tun wanda ya sayar bai yi nisa ba.

Karatun da kika yi wa ɗanki ba laifi ba ne. Kin karanta abin da aka rubuta, ba ki ce ya je Korahane ya kwance saniya ba. Ki koma aji, kuma ki tambayi malamarku ko za a fara koya muku kalmomin da ake sawa a takardun fili da na asibiti, domin ba ke kaɗai ce ake miƙa wa irinsu ba.

Ba zan ɓoye miki ba, Inna, wannan hanya tana da tsada. Mai yiwuwa Intalla ya karɓi karsanar, turkenki ya koma babu komai kamar shekarar da Mahamman ya rasu, furar tasha ta ƙi dawowa, kuma duk da haka ya yi shekara ɗaya ko biyu bai sauka a gonarki ba. Abarci ma yana iya yin fushi da ke na wani lokaci. Amma za ki iya tsayawa salla ki san raka'ar da kike, kuma duk ranar da kuka haɗu da Intalla a hanya za ki iya gaishe shi da sunansa. Ki tashi tun gero bai gama shiga rumbu ba.

Allah ya sanyaya zuciyar Intalla, ya shiryi Abarci ya sa masa albarka a nemansa, ya jiƙan Mahamman, ke kuma ya ba ki ƙarfin ƙafa da na baki a ranar.

Malama Suwaiba.